Makrofaj da Salmonella a cikin plak: temwan ya tashi, selil sun mutu, daga ina matsalar take?

Ramatu, Yamai: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawarar manya a kan wani aikin masta. Abin da ake son gani shi ne yadda makrofaj na mutum, wato selil ɗin garkuwar jiki masu haɗiye bakteriya, ke amsa Salmonella da aka samo daga jinin yara, a gwada da wadda aka samo daga zawo. Ga tsarin: jinin masu sa-kai mililita 20 a tib mai EDTA, a raba da Ficoll (ruwan da ke ware selil ɗin jini bisa nauyinsu), a bar monosit (fararen selil da ke rikiɗa su zama makrofaj) su manne awa 2 a plak, wato farantin roba mai gurabe, a rene su kwana 6 cikin ruwan reno RPMI mai serom kashi 10 cikin ɗari da M-CSF, sinadarin da ke mai da su makrofaj, sannan a zuba bakteriya, 50 ga kowane makrofaj. Abu biyu suka fito. Gurbin temwan, wanda ba a sa wa bakteriya ba, IL-6 ɗinsa (ɗaya daga cikin sitokin, sinadaran saƙo da selil ke fitarwa in an tayar da shi) ya kusa kamo na sauran. Sannan bayan awa 2 makrofaj da yawa sun dunƙule sun saki gindin plak. Daga ina zan fara?

Sani: Wa alaikumus salam. Ƴar'uwa, ni EDTA na fara zargi. Tana kame kalsiyum, kuma in babu kalsiyum haɗiyar bakteriya ba ta tafiya daidai. Ki koma heparin.

Dokta Hadiza: Sani, maganarka gaskiya ce amma ba wurinta ba ke nan. Da jinin ne za a zuba wa bakteriya kai tsaye, to lalle EDTA ta ɓata aiki. Amma selil da aka wanke sau biyu ko uku, aka kuma rene su kwana 6 a RPMI, wace EDTA ta rage a jikinsu?

Ramatu, ki raba matsalolin nan biyu, asalinsu ba ɗaya ba ne. Mu fara da temwan, domin muddin yana sama, duk sauran lambobin ba su da amfani. Ruwa ba ya tsami banza: makrofaj da ke zuba IL-6 ba a taɓa shi ba, akwai abin da ya gani. Mafi yawan lokuta endotoksin ne, wato LPS ɗin da ke fatar bakteriya masu Gram negatif. Monosit na mutum yana jin sa ta TLR4, tare da CD14 da MD-2, ko da pikogram ƴan gomomi ne a mililita. Ido ba ya ganinsa, RPMI zai kasance garau, kuma matatar 0.22 ba ta tare shi. Abin da ya fi ɓarna: in selil sun kwana shida cikinsa, sai su saba, ranar da kika zuba Salmonella amsarsu ta yi ƙasa. Temwan ya hau, gurbin gwaji ya sauko, tazarar da kike nema ta ɓace daga ɓangare biyu.

Gwajin da zai raba gardama ba tsada. Ki ware gurbi huɗu ba bakteriya: RPMI kaɗai, RPMI da polimiksin B (maganin da ke kame LPS) mikrogram 10 a mililita, LPS nanogram 10 a mililita, sai LPS ɗin tare da polimiksin. In polimiksin ta kwantar da temwan kamar yadda ta kwantar da LPS, endotoksin ne.

Malam Isuhu: Ɗiyata, faɗa mini abu uku. PBS ɗinki, ruwan gishirin wanke selil, sayowa aka yi ko a labo aka haɗa? Da wane ruwa? Kuma a wace kwalba yake?

Ramatu: A labo ake haɗawa, Malam, da ruwan alambik, a kwalbar gilashi, a sa a otoklab digiri 121 na minti 20.

Malam Isuhu: To nan za ki fara dubawa. Otoklab yana kashe bakteriya amma ba ya lalata LPS ɗinta. Ruwan da aka tace ya zauna a jarka cikin zafin Yamai, bakteriyar ruwa irin su Pseudomonas suna hayayyafa a ciki. Kin dafa su sun mutu, fatarsu na nan. Gilashi kuma riƙe LPS yake. Abin da aka fi dogara da shi wajen fidda shi busasshen zafi ne, digiri 250 na minti 30, ko 180 na awa 3 zuwa 4 in murhun bai kai can ba, bakin kwalba a rufe da takardar alminiyum.

Ga aikin monosit, duk abin da zai taɓa selil ya zama roba sabuwa daga leda. PBS a sayo wanda aka rubuta ba endotoksin. In kuɗi bai kai ba, a haɗa da ruwan allura na farmasi, wanda aka yi don jijiya, an riga an gwada shi. Serom ma ki duba takardar lot ɗinsa, adadin endotoksin yana rubuce. Ki kasa shi a ƙananan tib tun ranar farko, kada a riƙa narkar da kwalba guda ana mayarwa. Bahon ruwan da ake ɗumama RPMI shi ma gidan bakteriya ne: kada ruwan ya kai murfi, a goge kwalba da alkol kashi 70 kafin ta shiga hot, akwatin aiki mai tace iska.

Sani: In polimiksin ba ta kwantar da shi ba fa?

Dokta Hadiza: Sai a duba plaket na jini da netrofil (wani irin fararen selil) da suka biyo. Bayan Ficoll, wanki ɗaya ya zama a hankali, g 150 zuwa 200 na minti 10, don plaket su tsaya a sama a zubar da su. Plaket suna manne wa monosit su tayar da shi. Sai kuma mikoplasma, wata ƙanƙanuwar bakteriya, in a labon ana renon wasu layukan selil a etib ɗaya, wato akwatin ɗumi na renon selil. Ita ta TLR2 take shiga, polimiksin ba ruwanta da ita, ba ta kuma gurɓata kalar RPMI. PCR ke nuna ta.

Yanzu mutuwar. Ramatu, 50 ɗin nan a kan wane adadi kika lissafa? Kuma bakteriyar daga wane irin shuka kika ɗebo?

Ramatu: A kan selil miliyan 2 da aka zuba a kowane gurbi ranar farko. Bakteriya kuwa an kwana da ita a ruwan shuka LB, da safe aka sabunta ta awa 3 tana kaɗawa.

Dokta Hadiza: Amsa biyu ke nan. Cikin miliyan 2 ɗin, monosit kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai, sauran limfosit ne da kika wanke kika zubar. Abin da ya rage a gindin gurbi ran kwana 6 bai wuce dubu 200 ko 300 ba. Kin zuba bakteriya miliyan 100, kowane makrofaj ya samu ɗari uku zuwa ɗari biyar. Dole a sadaukar da gurbi ɗaya ranar gwaji: PBS mai sanyi da EDTA, minti 10 zuwa 15 a kan ƙanƙara, a kankare a hankali, a ƙirga a gilashin ƙirga na Malassez da bulu tiripan kashi 0.4. A kan wannan lambar ake lissafi.

Na biyun ya fi muhimmanci. Salmonella da aka sabunta awa 3 tana kaɗawa tana kan ganiyar kunna SPI-1, allurar da take huda selil da ita. Makrofaj yana gane sassan allurar da flajelin ta NAIP da NLRC4, kaspaz-1 ta tashi, gasdermin D ta huda fatar selil, ya fashe ya zubo IL-1β. Cikin awa ɗaya ko biyu an gama. Wannan amsa ce ta gaskiya, ba lalacewar aiki ba ce, amma sai ki yanke shawarar wace tambaya kike yi. In mutuwar gaggawa kike son aunawa, ki bar shukar yadda take, ki rage zuwa bakteriya 10 ga kowane makrofaj, ki auna LDH (abin da selil ke zubowa in ya fashe) da IL-1β a awa 1 da awa 2. In rayuwar bakteriya a cikin makrofaj kike so, ki ɗauki ta kwana wadda ta daina girma, ki lulluɓe ta da serom, ki bar makrofaj ya haɗiye ta da kansa. A nan SPI-2, allurar ta biyu da take rayuwa da ita a cikin selil, ke aiki, kuma sai awa 18 zuwa 24 ake ganin bambanci.

Tunda daga jinin yara kike samo su, ki sani cewa Typhimurium ɗin da aka fi samu a jini a ƙasashe da yawa na kudu da Sahara, ST313, an nuna tana yin flajelin kaɗan, tana kuma tayar da kaspaz-1 ƙasa da ta zawo. To wataƙila bambancin da kike nema yana cikin awa biyun farkon nan, amma da ɗari biyar a kan selil guda kowa mutuwa zai yi, ba za ki ga komai ba.

Abdu, Tawa: Salamu alaikum. Ina biye da ku. Dokta, mi ya sa sai an bi doguwar hanyar nan? Kwana shida ana reno, M-CSF da tsada, CO2 da wahalar samu. Jini cikakke ya ishi mai son ganin sitokin. A ɗauka a heparin, a tsarma kashi ɗaya cikin biyar da RPMI mai HEPES milimola 25, a zuba bakteriyar da anka kashe da zahi, a ruhe tib gam, digiri 37, awa 22 ko 24, a juya, a kwashe ruwan sama. Ba Ficoll, ba kwalbar gas. Cibiyar Pasteur ta Paris da tib rufaffe irin wannan ta yi aiki a kan mutum dubu. Kuma netrofil da kwamfleman da antikor duk suna ciki, kamar yadda suke a jiki.

Dokta Hadiza: Malam Abdu, ban ƙi ba, kuma ga labon da ba shi da etib mai CO2 hanyarka ce ta fi. Amma ba ta amsa tambayar Ramatu. Bakteriyar da aka dafa ba ta da allura mai aiki, ba ta hayayyafa, duk abin da ya bambanta mai shiga jini da ta zawo a cikin makrofaj ka kashe shi a digiri 60. Abin da zai rage galibi LPS ne da lipoprotin, kuma a nan kusan duka ɗaya suke. In kuma ka zuba mai rai a jini awa 24, ko jinin ya kashe ta ko ita ta cika tib.

Abdu: Amma makrofaj ɗin roba da M-CSF ma ba shi ne na saifa ko na hanta ba. Selil ne da munka ƙera a plak. Sauya M-CSF da GM-CSF ka ga amsa ta juya: TNF ta hau, IL-10 ta sauka. To wanne ne na mutum?

Dokta Hadiza: Babu ko ɗaya da yake shi ne cif. Shi ya sa ake rubuta wanda aka yi amfani da shi da adadinsa, nanogram 50 a mililita misali, kuma ba a sauyawa a tsakiyar aiki. Amfaninsa dai shi ne ka san selil nawa ne kuma wane iri. A jini cikakke, mutum biyu za su ba ka TNF daban don kawai ɗaya ya fi yawan monosit. In za a bi hanyarka, dole a yi NFS, ƙirgar selil ɗin jini, a jinin ranar, a raba sitokin da adadin monosit.

Malam Isuhu: Ku biyun kuna da gaskiya, kuma ba abin da ya hana a yi duka: jini cikakke na awa 2 zuwa 3 da mai rai don a ga kisa, makrofaj don abin da ke faruwa a ciki. Amma Abdu, kada dai ka ce za a ɗauki jini a Tawa a aiko Yamai a kar. Kusan kilomita 550 ne. Jinin da ya wuce awa 4 amsarsa ta fara sauyawa. Netrofil sun fara lalacewa, nauyinsu ya ragu, su hau zoben Ficoll su gauraya da monosit. In an sa a ƙanƙara plaket su tashi, in an bari a zafin mota ya fi muni. A yi tayarwar a inda aka ɗauki jinin, a daskarar da ruwan sama, shi za a aiko.

Abdu: Haka nake nufi, Malam. Matsalarmu firiza ce, digiri 20 ƙasa da sifili muke da ita, ba 80 ba.

Malam Isuhu: Na ƴan makonni za ta yi, in ba mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ce. A kasa kowane samfur gida uku a ƙananan tib, kowanne a narkar da shi sau ɗaya tak. TNF ba ta jure narkewa da daskarewa. A sa ƙaramin tib mai daskararren ruwa da kwabo a samansa, in an tarar da kwabon a ƙasa an san wuta ta ɗauke har kaya sun narke.

Zeinabu: Ba wanda ya yi maganar masu ba da jinin, kuma a nan ƙasar ita ce babba. Daga Agusta zuwa Oktoba mutum yana yawo lafiya lau da palu a jininsa. Monosit da ya haɗiyi hemozowin ba ya aiki kamar sauran, kuma fashewar jajayen selil tana raunana netrofil, har an danganta hakan da yawan Salmonella a jinin yara masu palu. To kowane mai sa-kai a yi masa gwajin palu na gaggawa (TDR) da ɗigo mai kauri, a auna CRP mai nuna kumburi, a tambaye shi zazzaɓi da maganin da ya sha cikin makonni biyu. Mai amosanin jini daban ne, a san matsayinsa. Mutanen bakin kogi a tuna da tsargiya, tana ɗaga IL-10. Sannan in netrofil sun fito ƙasa kaɗan a NFS kada a yi saurin cewa ba shi da lafiya. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar jini ta Duffy a jajayen selil, kuma adadin netrofil ɗinsu a jini ya saba zama ƙasa da na littattafan Turai.

Sani: To ai in aka cire duk waɗannan, wa ya rage? Kuma yaran da ke kamuwa da cutar su ne masu palu da tamowa.

Zeinabu: Ban ce a kore su har abada ba. A matakin Ramatu bakteriya ake gwadawa, to makrofaj ya zama na masu lafiya, kuma kowane mutum a gwada duka nau'o'in a kan selil ɗinsa, a plak ɗaya, rana ɗaya. Gurbi uku na mutum ɗaya ba mutum uku ba ne, n ɗinsu ɗaya ne. Gara mutum shida da gurbi bibbiyu da mutum biyu da gurbi shida. Tasirin palu tambaya ce ta daban, da izininta daban daga kwamitin ɗa'a na ƙasa.

Ramatu: Na gode ƙwarai. Dokta, matakin jantamisin fa, maganin da ake sawa ya kashe bakteriyar da ta rage a wajen selil? A takardar da na gada an rubuta mikrogram 100 har ƙarshen gwaji.

Dokta Hadiza: A gyara. Makrofaj yana shan ruwan da ke kewaye da shi, in 100 ta daɗe za ta shiga ciki ta kashe abin da kike son ƙirgawa, ki ɗauka selil ne ya yi kisan. Ga yadda ake yi. Tun jajibiri a sauya RPMI zuwa wanda ba penisilin ba streptomisin, a wanke. A daidaita bakteriya a McFarland 0.5, kusan miliyan 150 a mililita, amma wannan kimantawa ce kawai, dole a tsarma a shuka a agar don a san ainihin abin da aka zuba. Bayan zubawa a juya plak a santirifij g 300 na minti 5 don su haɗu lokaci ɗaya. Minti 30 a etib, wanki uku, jantamisin 100 na awa ɗaya, sannan a sauko 10 har ƙarshe. A fasa selil da Triton X-100 kashi 0.1 na minti 5 zuwa 10, a tsarma goma-goma, a shuka, a ƙirga faranti mai koloni 30 zuwa 300. Awa 2 ita ce ma'aunin abin da ya shiga, awa 20 a raba da ita.

Abu biyu ke yaudara. Kafin komai a yi antibiyogram, domin ƙwayar asibiti tana iya jure jantamisin, sai ta cika gurbi a waje ki ce a ciki ta hayayyafa. Sannan makrofaj da ya fashe yana zubar da bakteriyarsa cikin jantamisin ta mutu. Nau'in da ya fi kisa shi zai ba ki koloni kaɗan, ki rubuta shi a matsayin mai rauni. Don haka ba a karanta koloni ba tare da LDH na gurbin ba.

Lulluɓewa da serom ma a kula. Aikin da aka yi a Malawi a 2008 ya nuna serom ɗin manya da manyan yara yana kashe irin wannan Salmonella da antikor da kwamfleman, na ƙananan yara kuwa ba ya yi. In kin sa serom ɗanye kashi 10 na minti 20, ki sake shukawa bayan haka ki ga nawa suka rage. Serom ɗaya da aka tara aka kasa za a yi amfani da shi daga farko har ƙarshe.

Sani: Auna nitrit fa da gwajin Griess? Ya fi ELISA araha.

Dokta Hadiza: A makrofaj na ɓera yana fitowa sosai. Na mutum a plak kusan ba ya ba da komai. Kada a kashe kuɗi a kansa. Ga ELISA kuma lokaci a kula da shi: TNF tana kai ƙololuwa wajen awa 4 zuwa 6, IL-6 ta biyo baya ta daɗe, IL-10 sai wajen awa 24. Ruwan sama a tace shi a 0.22 kafin ya fita daga hot, a tsarma sau 10 da sau 100 don kada ya wuce layin ma'auni.

Malam Isuhu: Bari in ƙara abin da takardun Turai ba sa faɗa. Ficoll nauyinsa 1.077 ne a digiri 18 zuwa 20. A Afrilu da Mayu, in kilim ba ta aiki, santirifij yana yin zafi, jajayen selil su dunƙule da sauri su ja monosit ƙasa, zoben ya fito siriri. Jini da Ficoll da PBS su zauna a ɗaki mai sanyi tukuna, g 400, minti 30, birki a kashe. Etib kuma ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Ɗakin da ya kai 40 da rana, etib ma zai bi shi ko da allonsa an saita 37, sai a sa termomita mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki. Lokacin hunturu iska ta bushe, guraben gefe suna ƙafewa, gishiri ya ƙaru, selil su takura. A cika na gefen da PBS, a yi aiki da na tsakiya, tiren ruwa kada ya bushe. In RPMI ya koma shuɗi-shuɗi mai ja, gas ya ƙare. In ya koma rawaya, bakteriya ta yi yawa.

Abdu: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Irin wannan za a iya yi da ƙwayar sanƙarau? Tun annobar rukunin C ta 2015 mutane ke tambaya mi ya sa wasu nau'o'in sunka fi tsanani.

Malam Isuhu: Da mai rai, a'a, sai a labon da aka tanada don ita, mai hot na aji 2 da aka gwada, ma'aikata sun yi rigakafi. Ta iska take kama mai aiki, kuma ta kashe ma'aikatan labo a ƙasashe da dama. Samfuran sanƙarau cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ake kai su. In sitokin kake so, a kashe ta a can, a shuka a tabbatar ba abin da ya tsiro bayan awa 48, sannan ta fito. Ke ma Ramatu, in cikin naki akwai Typhi, a ware ta, a yi miki rigakafi, kuma ruwan Triton ɗin nan cike yake da mai rai: jabel tukuna, sannan otoklab.

Ramatu: In sha Allah. Makon nan ba bakteriya, temwan huɗun nan kawai zan yi da PBS sabo da tsohon, in ga wanne ne. Dokta, a kan monosit na ranar farko zan gwada ko sai sun yi kwana shida?

Dokta Hadiza: Ranar farko. Monosit sabo ya fi jin endotoksin, kuma washegari kina da amsa. Ki ƙara gurbi ɗaya-ɗaya ga serom da M-CSF, kowanne shi kaɗai, domin M-CSF da aka yi a E. coli shi ma yana iya zuwa da nasa. Awa 18 zuwa 20, IL-6 kaɗai ta isa.